Shekara ukun da ba naki ba

Garwa, ranar Alhamis bayan azahar

Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a cikin asibiti da wajensa, Ya kare ki daga motocin Yawunde da ruwan samanta da ba ya sallama. Innarki tana gaishe ki. Baffanki Sale yana gaishe ki, shi ma zan zo kansa. Labarin gida ba zan ba ki ba, kowa yana nan yadda kika bar shi, zafi ne kawai ya ƙaru har kogin Binuwai ya ja da baya ya bar mana yashi.

Kin san ubanki mai gyaran keken ɗinki ne, sukudireba ya saba riƙewa, ba alƙalami ba. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara tun ranar Talata da kika kira ni. Ukun farko na yayyage su. Na zauna, na tashi, na leƙa ƙofar shago, na dawo. Jiya har na kwance keken wata mata wanda ba abin da ya same shi, na sake ɗaura shi, don dai hannuna ya sami abin yi. Saboda haka kada ki karanta wannan a tsaye tsakanin majinyaci da majinyaci. Ki nemi wuri ki zauna.

Ranar Talata kin ce mini kin gama haɗa dosiye ɗinki, wato takardun neman shiga karatun tiyatar ƙwaƙwalwa a Dakar, shekara biyar a ƙarƙashin manyan likitoci. Malamanki uku sun rubuta miki shaida, sakamakonki na shekara bakwai yana ciki, takardar da ake bayyana dalilin son aikin ma kin rubuta ta sau ba adadi. Sai a shafin ƙarshe na sharuɗɗan masu ɗaukar nauyin karatun kika ga ba sa karɓar wanda ya haura talatin, ke kuwa a takardar haihuwarki kin haura da wata huɗu. Ba ki yi kuka ba, ni kuwa na fi son da kin yi. Cewa kika yi, "Baba, wata huɗu fa. Da ma Inna ta ɗan ƙara haƙuri da ni a ciki." Kika yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba. Na ce miki Allah Ya sa haka ne mafi alheri, na kashe waya kamar wanda bai san komai ba.

Na sani, Dada. Ba ki haura talatin ba. Shekararki ashirin da bakwai da 'yan watanni. Takardar da kike ɗauke da ita tun ajin farko na firamare ba taki ba ce, ta yayarki Jummai ce. Ni na ba ki ita, da hannuna, ina cikin hankalina.

Na rubuta wannan na tashi na sha ruwa, ke ma ki sha. Sauran zan faɗa miki bi da bi, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

An gaya miki kina da yaya da ta rasu tana ƙarama, aka ce zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Kina da wata takwas a duniya, ita tana cikin shekara ta huɗu. Wata Asabar da hantsi na zo gida da kan keke, irin baƙin nan na ƙarfe na da, mai nauyin turmi, na ɗora shi a bakin teburin tsakar gida, igiyarsa tana reto. Na gan shi a baki-baki. Wallahi na gani, har na ce a raina bari in tura shi ciki, sai aka yi sallama a ƙofar gida na fita. Jummai ta ja igiyar. Ya same ta a gefen kai, sama da kunne kaɗan.

Ta yi kuka, ta yi shiru. Ba jini, sai ɗan kumburi. Ba a jima ba ta ce a ba ta kunu, ta sha, ta koma wasa da murfin kwano. Innarki ta ce, "Malam, mu kai ta asibiti. Yarinyar nan ba ta yi mini ba."

Na ce, "Ba jini, ba karaya, ga ta tana wasa. Ke dai kin cika tsoro."

Na shafa mata man zafi na tafi shago, don na yi wa wani tela alkawarin kekensa kafin yamma. Bayan azahar sai ga innarki a ƙofar shago, ke a baya, Jummai a kafaɗa, ko takalmi babu a ƙafarta. Yarinya ta yi amai sau biyu, barci yana ta janta, in an tashe ta sai ta koma. Na ɗaga fatar idonta, na ga baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ni da ban san komai ba, a nan na san an yi ɓarna.

A asibiti wani matashin likita ya duba ta, wata ma'aikaciya tana juya mana maganarsa da Fulatanci. Ya tambaya da ƙarfe nawa abin ya faru. Na ce ɗazu. Ya dube ni, ya juya wajen innarki. Ta ce, "Tun hantsi ne." Bai yi mini faɗa ba. Ya ce jini ne yake taruwa a ƙarƙashin ƙashi yana danne ƙwaƙwalwa, sai an buɗe an fitar da shi, kuma a wancan lokaci duk arewa babu mai yin wannan aiki, sai kudu. Muka sami mota muka kama hanyar Ngaundere. Ba mu kai ko'ina ba. A Ngong, inda masu gyaɗa suke jeruwa a bakin titi, innarki ta taɓa kafaɗar direba ta ce masa ya juya. Tun daga ranar ban sake karɓar aiki a Ngong ba, ko ranar kasuwa ce.

Kin san sunan wannan abu a littattafanku. Kin ma taɓa ba mu labarinsa kina aji huɗu a makarantar likita, da kika zo hutu, muna cin tuwo. Kika ce akwai bugun kai da mutum zai tashi ya yi magana ya yi dariya, bayan 'yan sa'o'i ya tafi, kuma in an same shi da wuri aikin ba ya cikin masu wuya. Innarki ta tsame hannu ta shiga ɗaki. Kika tambaye ni ko kin yi laifi, na ce maganar jini ce ba ta so a kan abinci.

Ga abin da zan ce miki a kan wannan. Duk uwar da ta ce miki ɗanta bai yi mata ba, ki yarda da ita ko da yaron yana tsalle a gabanki. In uba ya ce miki ɗazu, ki juya ki tambayi uwar. Amma kada ki tozarta shi a gaban mutane, abin da ke cinsa a ciki ya ishe shi, kuma zai daɗe yana cinsa. In kuma idonki ya ga abu a baki-baki, ko a ɗakin tiyata ne ko a ina, ki gyara shi kafin ki amsa sallama. Mai sallama zai jira.

Kuskure na biyu ya girmi na farko, sai dai ya daɗe bai nuna kansa ba. Jummai a Garwa aka haife ta, a asibiti, wani maƙwabci mai jin Faransanci ya raka ni meri, ofishin magajin gari, muka karɓo mata akt, wato takardar haihuwa. Ke kuwa a Kaele kika zo, a gida, lokacin cinikin auduga. A wannan lokaci manoma suna ɗinka sababbin kaya, teloli ba sa barci, kekuna suna ta lalacewa, shi ya sa nake kwashe iyali mu tafi can mu yi wata uku. Kullum sai in ce gobe zan je meri. Gobe ta yi ta haihuwar gobe har wa'adin da doka ta bayar ya wuce. Daga nan sai ta hanyar kotu, da shaidu, da tsayawa gaban alƙali.

Na je kotun sau ɗaya, kina da shekara shida. Na sa babbar rigata. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon mutane suna shiga da fita da takardu a hammata, kowa yana zuba Faransanci kamar da shi aka yaye shi. Mai gadi ya dube ni ya tambayi abin da nake nema. Dada, ni da teloli suke layi a ƙofata suna ce mini Malam, sai na ji ba zan iya buɗe baki in ce ban san inda zan dosa ba. Na ce wani nake jira. Na ɗan ƙara tsayawa don kada ya gane, sannan na juya gida. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya zage ni. Girman kai ne kawai da kunyar a ga ban iya ba.

Da shekara ta zagayo aka zo sa ki makaranta, direkta, shugaban makarantar, ya ce ba akt, ba rajista. Ke kuwa kin riga kin ɗinka jaka da ƙyallen da kika tsinto a shagona, kina yawo da ita a tsakar gida ba komai a ciki. Na buɗe gwangwanin da nake ajiye takardu. Ta Jummai tana nan a ninke, don ban taɓa zuwa na shaida wa hukuma rasuwarta ba, shi ma wani ofis ne da na guje wa. Innarki ta ga abin da ke hannuna ta gane.

Ta ce, "Malam, ka bar yarinyar nan ta kwanta."

Na ce, "Takarda ce kawai. Ba abin da zai faru."

Ta ce, "Haka ka ce, ba jini, ba karaya."

A duk zamanmu wannan ne karo ɗaya da ta jefe ni da maganar, ba ta sake ba har yau. Na ji ta har cikin ƙashina, kuma duk da haka na sa takardar a aljihu na kama hannunki muka tafi. Kin yi tsayi tun kina ƙarama, irin na dangin innarki. Direkta ya dubi takarda, ya dube ki, ya ga 'yar shekara goma da ba ta ci ta ƙoshi ba, irinsu kuwa sun cika ajin. Ya rubuta.

Za ki ce yaya aka yi ba ki taɓa ganewa ba. Kunyarmu ce ta rufa mini asiri. Jummai 'yar fari ce, daga ni har innarki ba mai kiran sunanta na yanka, sai sunan ranar da aka haife ta. Ke kuma sunan mahaifiyata aka sa miki, shi ya sa kowa yake ce miki Dada, ba mai iya kama sunan a gabana. Suna biyu a gida ɗaya, duka a rufe. Da aka fara kiranki Rukayya a makaranta sai kika ɗauka shi ne sunan kakarki da ake ɓoyewa, ni kuma na bar ki a haka. Rukayya sunan Jummai ne. 'Yan uwa duk sun sani, kowa ya ja bakinsa, wai rufin asiri.

Shawarata a nan gajeriya ce, amma ita ce ta ci ni. Duk ƙofar da kika tsaya a bakinta, ki shiga. Ki ce ban gane ba, a maimaita mini. A Dakar za ki zama baƙuwa, za su juya harshensu a gabanki ki tsaya kamar yadda na tsaya a bakin kotu. A ɗakin tiyata kuma wata rana babba zai miƙo miki abu ya ce ci gaba, alhali ba ki taɓa yi ba. Ki ce ban iya ba, a nuna mini. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje ta, ga shi shekara ashirin ina ɗauke da abin da ya fi ta nauyi, yanzu kuma na sauke miki shi a ka.

Na tsaya a nan jiya, yau Juma'a na ci gaba. An kawo keke biyu na ce su dawo Litinin.

Kuskure na uku shi ne shiru, kuma shi ne wanda ba ni da ko guntun uzuri a kansa. Allah Ya ba ni dama ba sau ɗaya ba. Kin tuna kina da shekara goma sha biyu, kika ɗauki katina na ɗan ƙasa a kan tabarma kina son ki nuna mini kin iya karatu, na fizge, na daka miki tsawar da ban taɓa yi miki ba? Kwana biyu ba ki yarda mun haɗa ido ba. Sunan mahaifiyata ne a jikin katin, shi na ji tsoron ki karanta. Da kika zo konkur, jarrabawar shiga makarantar likita, can ma akwai iyakar shekaru, kika tsallake da ƙyar, saura wata biyu. Kika ce mini, "Baba, da na maimaita aji ɗaya da shi ke nan." Ranar ya kamata in zaunar da ke. Maimakon haka zakara na yanka na yi sadaka, na ce Allah Ya rufa asiri. Ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Akwai wanda ya fi waɗannan ci mini rai. Kin daɗe kina ganin innarki ba ta damu da karatunki ba. Kin faɗa wa goggonki, ya dawo kunnena. Duk ranar rabon kyauta a makaranta sai ta ce kanta yana ciwo, ko wanki ya taru, ni kaɗai nake zuwa in zauna cikin iyaye mata. Ko yanzu da ake maganar ranar da za ki kare kundinki na gama makaranta, ta fara cewa gwiwarta ba za ta iya jirgin ƙasa ba. Gwiwarta lafiya lau. Sau ɗaya ta je, kina aji biyu, aka kira Rukayya a lasifika, ta ɗaya a aji, kika taso da gudu kina dariya. Ta dawo gida ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Duk takardar sakamakonki tana ƙasan kwallarta, a jere, ta sa an karanta mata kowace. Ni na shiga tsakaninku, ba ita ba ce. In za ki yi fushi, ga inda za ki kai shi.

Don haka in kika yi kuskure a kan majinyaci, kuma za ki yi, don hannu ne, ki faɗa wa na gaba da ke a ranar, kafin ki wanke hannu ki tafi gida. Kin ga yadda tela yake yi in ɗinki ya karkace: a take yake farkewa. In ya ce bari in kai ƙarshe, sai rigar duka ta tafi a karkace, farkewar kuma ta ci yadin.

Yanzu ga Baffanki Sale. Ya zo shago ranar Laraba, ya ja kujera, ya ce, "Yaya, mene ne na tayar da hankali? Akwai wani mutum da na sani a wani gari, kwana uku ya fito da sabon akt da hatimi da komai. A rage mata uku. Ai ba ƙarya ba ce ma, shekarunta ne za a mayar mata."

Na ce, "Da sunan wa?"

Ya ce, "Kai ma dai. Suna ai suna ne, wa zai tono?"

Na ce masa ni ma haka na ce. Ya tashi yana cewa na tsufa na fara tsoron inuwata. Zai kira ki, na san shi, kuma bakinsa da zaƙi, yana iya sayar wa mai kamun kifi ruwan Binuwai. Yana ƙaunarki, wannan ba shakka. Amma ki duba: duk takardun diplomarki suna ɗauke da tsohuwar ranar haihuwa. Ki kai sabon akt ki jera shi kusa da su a gaban mutanen da aikinsu ke nan duba abu ƙanƙani, me kike tsammani? In sun gane, ba wannan karatun kaɗai zai tafi ba, har shekara bakwai ɗin da kika yi. In kuma ba su gane ba, kin zama ni: ki riƙa fizge kati a hannun 'yarki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni na shiga na auna shi.

Jiya da la'asar na yi abin da ya kamata in yi tun kina goye. Na je wurin Mushe Hamadu, wato Malam Hamadu a Faransance, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, wanda nake gyara wa matarsa keke. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Hanya akwai, Malam Isa. Kotu tana iya soke waccan ta ba yarinya tata, daga nan a bi diploma ɗaya bayan ɗaya. Amma ba aikin sati shida ba ne, kuma ban ce maka ko'ina za a amsa da sauƙi ba. Ku nemi lauya. Sannan ka sani, kai za a fara tambaya. Abin da ka yi, doka tana da suna da take kiransa."

Na ce na sani. Na tambaye shi ko suna ɗaure tsofaffi. Ya ce bai yi mini alkawarin komai ba.

To ga yadda abin yake, ba zan sa miki zuma a kai ba. Bana ta wuce, ko ta wace hanyar gaskiya aka bi. Sati shidan da suka rage kafin a rufe karɓar dosiye ba za su isa ba. In aka bi ta kotu aka dace, kina da shekara uku a gabanki da za ki sake nema, da sunanki da shekarunki. In ba a dace ba, ana iya jan ki a ofis-ofis, takardunki su tsaya a hannun mutane, ki gama makaranta ki zauna jira. Kina kuma iya yin shiru, ki bar Dakar, ki nemi wani fannin ko wata hanyar da ba ta tambayar shekaru, ki ci gaba da zama Dokta Rukayya, ba wanda zai sani. Ba zan ga laifinki ba.

In ni ne, kotu zan je. Ina so in tsaya a gaban alƙalin nan in ce ban gane ba a maimaita mini, in faɗi abin da na yi da bakina. Amma ba zan taka ƙofar ba sai kin ce in taka. Na taɓa yanke hukunci a kan rayuwarki ba da saninki ba, ba zan ƙara ba. Ki nemi wani malaminki da kika amince da shi, ki nuna masa takardar nan in kin ga dama, ba ni da sauran abin ɓoyewa.

Abin da zan yi kafin amsarki ta zo shi ne shirya shaidu, don zama ya gagare ni. Katin rigakafinki na Kaele yana nan, da sunanki na gaskiya da ranar da aka haife ki, innarki ta fito da shi daga ƙasan kwalla ba tare da na tambaya ba. Goggonki Mairo ce ta karɓi haihuwarki, ita ta yanke cibi. Tana Mora, ta tsufa, kuma ba maganar waya ba ce. Gobe Asabar zan kama hanya. Kin san yadda wajen yake tun da fitinar nan ta fara, shingen sojoji ba iyaka, kowa yana sauri ya shiga gari da rana tsaka. Zan bi motar safe, ba zan yi ganganci ba. Na ce wa innarki ta zauna, ta ce wancan karon ma zama ta yi ta bar ni da shawarata. Tare za mu tafi.

Saura abu ɗaya. Kin ce mini abin da ya fi ba ki wuya a dosiyen shi ne tambayar me ya sa ƙwaƙwalwa, kuma za su sake yi miki ita baki da baki. Kin ce duk amsar da kika rubuta sai ki ji kamar ta aro ce. Ban taɓa tura ki wannan fanni ba, Allah shaida ne. Ranar da kika fara faɗa mini shi kike so, shago na koma na rufe ƙofa na zauna a cikin zafi har aka kira magariba. Ban san yadda Allah Yake jera al'amuransa ba, kuma ba zan yi Masa shisshigi ba. Labarin Jummai yanzu naki ne, ki faɗa musu ko ki bar shi a cikinki. Amma kada ki ɗauki aikin nan don wanke laifina. Laifina nawa ne, ni zan tsaya da shi a nan da can. Ki ɗauke shi in har kina sonsa kamar yadda na ji a muryarki, don shekara biyar a tsaye a kan kawunan mutane ba a yin su don wani. In kin gama, in Allah Ya nufa, ki tuna hanyar Ngong tana nan da tsawonta.

Ɗazu kafin in fito masallaci innarki ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Ka gaya mata komai?" Na ce kusan. Ta ce, "Ka rubuta mata sunanta. In ba za ka iya ba kawo in sa a rubuta." Na ce zan iya. Ga shi na kai ƙarshen takarda ina ta kewaye-kewaye kamar ranar kotu. Sunan mahaifiyata ne, ban taɓa ɗaga murya na kira shi ba, kuma tun ranar da liman ya raɗa miki shi a Kaele ba wanda ya sake kiranki da shi.

Sunanki Sa'adatu.

Innarki ta ce in gaya miki, ranar da za a kira wannan sunan a lasifika, ko a Yawunde ne ko a Dakar, za ta zo, kuma a layin gaba za ta zauna.

Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya yanzu ba zan jira, na iya jira. Allah Ya jiƙan Rukayya, Ya sa ta huta. Allah Ya tsare ki a inda kike da inda za ki, Ya tsare hannunki da idonki, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa, Ya kai mu Mora Ya dawo da mu lafiya mu ji amsarki. Allah Ya yi miki albarka, Sa'adatu.

Mahaifinki,
Isa mai gyaran keke